Alkyabbar Dda Arezki

"Ba ki buga ba," in ji Nna Sekkura daga kan shimfiɗarta. "Tun ɗazu nake saurare. Zare uku kika ratsa, kika zauna kina kallon bango."

Wardiya ta ɗauki matajin ƙarfe ta daddanna zaren ulun, ba ta juyo ba. "Hannuna ne ya yi sanyi, Nna."

"Ƙarya kike. Ga wuta nan tana gasa mini ƙafa."

Kai, tsohuwar nan ba dama! Ido ya tafi tun da daɗewa, ciwo ya cinye ta sai ƙashi, amma kunne yana nan garau, baki kuma ko kusa bai mutu ba. Wata biyu ke nan da ta faɗi a gaban masaƙa, alkyabbar da take saƙa wa mijinta ta kai rabi. Likita a birni ya duba ta ya ce a mai da ita gida, kowa kuma a ƙauyensu, Tala Mellal, ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta da 'ya mace, 'ya'yanta maza biyu suna Faransa. Sai Wardiya, maƙwabciyarta ta katanga ɗaya, wadda ita ta koya wa saƙa shekara talatin da suka wuce. Ranar da aka dawo da ita ta damƙe hannun Wardiya ta ce, "Ba zan bar tsohon nan ya shiga sanyin bana da wancan tsumman ba. Ki ƙarasa mini. Sai na yanke ta da hannuna, sannan in tafi."

Da farko Wardiya ta yi aiki ba ji ba gani. Sai da ya rage taƙi biyu maganar tafiyar nan da tsohuwar ta yi ta dawo mata. Daga ranar ta fara nawa. Yau zare ya ƙare, gobe akuya ta tsinke igiya, jibi za ta tsince zaitun kafin ruwa ya sauko. Kwana tara ta yi a kan taƙi biyun nan, aikin da ba ya cin yini guda.

"Zo nan," in ji tsohuwar.

Wardiya ta matso ta durƙusa. Yatsun Nna Sekkura suka lalubo fuskarta, suka tarar da hawaye.

"Kin ji nishina jiya ta katanga?"

"Na ji, Nna."

"To me na yi miki, 'yar nan? Tsammani kike kwana kike ƙara mini? Ciwo kike ƙara mini."

"In na gama za ki tafi," in ji Wardiya.

"In ba ki gama ba ma zan tafi, sakarya. Sai dai in tafi da kunya. Tashi ki buga."

Ta tashi ta buga. Tana kuka tana bugawa, kafin azahar ta kai ƙarshe. Ta tsoma mataji a ƙwaryar ruwa ta yayyafa wa saƙar daga wannan gefe zuwa wancan, domin ba a raba saƙa da masaƙa da ƙishirwa, kamar yadda ba a barin mai gargara ya tafi ba a ɗiga masa ruwa ba. Ta jawo shimfiɗar kusa, ta sa wuƙa a hannun tsohuwar, ta riƙe hannun da nata. Nna Sekkura ta yi bisimilla, suka bi zaren ɗaya bayan ɗaya har farar alkyabbar ta zube a cinyarsu.

"Ɗinke ƙirjin," in ji ta, tana haki. "Sannan ki je ki kira mini shi."

Kiran mijin nata, Dda Arezki, ba ƙaramin aiki ba ne. Tun da matarsa ta kwanta, kullum da sassafe yake kora tumakinsa shida ya hau dutse, ba ya saukowa sai rana ta yi sanyi. Wardiya ta ɗaura ɗamara ta kama hanya. Ta wuce maɓuɓɓuga, ta wuce gonakin ɓaure da suka zubar da ganye, ta shiga siririyar hanyar tumaki inda tsakuwa ke zamewa ƙarƙashin ƙafa. Gwiwoyinta suka yi ta ƙara. Sau uku ta tsaya ta dafa dutse ta huta. Can sama, dusar ƙanƙara ta riga ta sauka a kan duwatsun Jurjura, iskar da ke gangarowa tana yanka kunne.

Ta same shi zaune a kan falalen dutse, ya ƙudundune cikin tsohuwar alkyabbarsa mai faci a kan faci, da busasshen ɓaure a hannu bai ci ba.

"Dda Arezki, an yanke."

Bai dube ta ba. Ya nuna da sanda. "Kin ga waccan tunkiyar? Ɗingishi take yi tun shekaranjiya."

"Dda, tana jiranka."

"Shekara hamsin da biyu tana jirana. Kullum sai ta yi faɗa wai na makara." Ya juya ɓauren a hannunsa. "Da kin ƙara ko kwana biyu ne, Wardiya."

Ashe ya sani. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta. "Na gwada, Dda. Ta kama ni."

"Za ta kama ki mana," ya ce, ya dogara sanda ya miƙe.

Suka gangaro, tumaki a gaba, shi a tsakiya, ita a baya. A ɗaki ya cire tsohuwar alkyabbar ya ajiye, Wardiya ta ɗora masa sabuwar a kafaɗa. Ta ja da baya ta duba. Kafaɗun sun zubo masa har damtse, bakin alkyabbar ya kwanta a ƙasa fiye da taƙi guda. Nna Sekkura ta ja zaren ne da awon da ke hannunta tun alkyabbar farko, awon dogon mutumin da ta aura. Idonta ya rufe bai ga yadda shekarun nan suka tanƙwara shi ba. Ita kuwa Wardiya, ko a mafarki ba ta yi tunanin sake auna abin da Nna Sekkura ta auna ba.

"To? Kun yi shiru," in ji tsohuwar. "Ta yi masa?"

Wardiya ta dubi Dda Arezki.

"Cif," in ji Dda Arezki. "Kamar kullum."

"Matso in ji." Ya matso. Ta shafa ulun a ƙirjinsa, ta ja bakin hular alkyabbar ta daidaita. "Ka miƙe tsaye mana, tsoho, kada ka ɓata mini aiki."

Ya miƙe iya abin da bayansa ya yarda. Ta yi ɗan murmushi, hannunta ya sauka a kan bargo. Washegari da hantsi ta cika, Wardiya na ɗiga mata ruwa a leɓe.

Bayan kwana uku, da masu gaisuwa suka ragu, Wardiya ta ji Dda Arezki yana buɗe wa tumaki ƙofa. Ta fito da allura da zare a hannu.

"Dda, kawo in kalmashe maka bakin. Yanzu zan gama. Za ta kayar da kai a kan dutse."

Ya dubi allurar, ya dubi bakin alkyabbar da ke kwance a kan takalminsa.

"Bar ta," ya ce. "Haka ta auna ni."

An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Wardiya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana hawa a hankali bayan tumakinsa, farin ulun yana jan ƙasa a bayansa, bai ko tattare shi ba.