Gwangwanayen Kawu Prayong

"Sake shi, Fon. Na ce ki sake shi."

Buppha ta ɓamɓare yatsun 'yarta ɗaya bayan ɗaya, ta zare guntun zaren fim ɗin, ta ajiye shi nesa da kwanon tokar sigari. Yarinyar, 'yar shekara huɗu, ta ɓare baki za ta yi kuka. Daga kan tabarma Kawu Prayong ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe tari, tarin ya daɗe bai sake shi ba.

"Zakin cikin fim ɗin kawai take kallo, Maman Fon. Ba ya cizo. Haƙoransa sun zube kamar nawa."

"Ba haƙoransa nake tsoro ba, Kawu."

Ya san abin da take tsoro, don shi ya nuna mata. Bara, ranar da ya so burge yaran layi, ya yanki guntun da bai kai ɗan yatsa ba, ya dangwala masa bakin sigari. Wuta ta tashi da huci har ta lashe masa gira. Ya wurga shi cikin bokitin ruwa, abin ya ci gaba da ci a ƙarƙashin ruwan, yana aman hayaƙi rawaya mai shaƙe maƙogwaro. Yara suka yi ta tafi. Ita kam tun ranar hankalinta bai sake kwanciya ba, domin bangon katako ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nata, kuma manyan gwangwanayen fim ɗinsa uku da bangon suke jingine.

A zamanin ƙuruciyarsa Prayong mai majigi ne. Motar masu tallar magani yake bi ƙauye-ƙauye, su ɗaure farin ƙyalle a filin haikali, su nuna tsofaffin finafinan Amurka da gidajen siliman Bangkok suka gama yayinsu. Maigidansa ya kafa doka: kowane fim a datse kansa, wurin da tambarin kamfani ke fitowa, a maƙala tallar maganin ƙarfin jini a gurbin. Wasu zubarwa suke yi. Shi tsincewa ya riƙa yi yana haɗa bakinsu, har suka cika gwangwani uku.

Yanzu ga bazara ta kankama, rufin kwano na ƙara saboda zafi, gwangwanayen sun fara gumi. Wani ruwa mai kalar tsatsa na tsatsafowa daga bakin murfi, ɗakin na warin safa da ta kwana a takalmi.

"Kawu, ka bari in kai su bayan gari in binne. Sun ruɓe. Ko kallonsu ba za a iya ba."

"A nan ake kallonsu," ya ce, yana ƙwanƙwasa goshinsa. "Zauna ki ji. Zakin nan, kina zaton ɗaya ne? Sun yi ta sauya shi. Na farkon ko gurnani ba ya yi, lokacin fim bebe ne, waige kawai yake kamar wanda ya ɓata a kasuwa. Akwai tsauni mai rawanin taurari. Akwai matar nan mai ɗaga fitila, ita ma sun sauya mata fuska da sutura ba sau ɗaya ba, hannunta dai bai taɓa sauka ba. Akwai hasumiyar rediyo a kan duniya tana ƙyafta wuta. Kamfanin ya mutu, hasumiyar na nan a gwangwanina."

"To meye amfaninsu?"

"Masu gadin ƙofa ne, kamar zakokin bakin haikali. Ba wanda ya taɓa yin tattaki don ya gan su. Amma da zarar sun bayyana, mai gyaɗa sai ta yi shiru, uwa ta rufe bakin jariri. Cewa suke yi, ku nutsu, ga wata duniya za a buɗe." Ya numfasa da ƙyar. "Ni ma ƙofa ce a gabana, 'yata. So nake su raka ni."

Inna Thongbai, mai kwaɗon gwanda ta bakin layi, na tsaye a ƙofa da kwanon kunun shinkafa.

"Kai dai bakinka ba zai mutu ba, tsohon kwarto," ta ce. "Sha wannan, kafin ka tafi da yunwa ka ja mana zagi."

"Da kin aure ni, da yanzu kina da gadon zaki."

"Da na aure ka, da ni na riga ka."

Buppha ta saɓi 'yarta ta fita. Ta janye shimfiɗarsu daga jikin bangon, ta cika tulu biyu ta ajiye, ko da yake ta ga yadda abin ya yi da ruwa.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, tana turara shinkafa mai danƙo, ta lura ba ta ji tarin ba tun tashinta. Ta buga katakon da mara. Shiru. Ta zagaya ta tura ƙofa. Yana kwance a gefensa, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci, sigari a leɓensa ba a kunna ba, ashana a buɗe kusa da gwiwarsa. Ashanar ta fara ɗaukewa kafin ta taɓa wuyansa. Ya riga ya yi sanyi.

Prayong bai bar ɗa ba bai bar jika ba, don haka layi ya ɗauki hidimarsa. Aka tura Buppha haikali girkin baƙi da sufaye, wato malaman wurin. Da ta dawo ta leƙa ɗakin, sai shacin tsatsa uku a ƙasa.

"Inna, ina gwangwanayen?"

"An kai su inda ya dace. Ke dai je ki huta, idonki duk ya faɗa."

Ta ɗauka an zubar. Ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji, ba ta ƙara tambaya ba.

Ranar ƙona shi rana ta buɗe sosai. A filin bayan haikali an jera itace har ƙugu, an ɗora akwatin a kai, galan ɗin kananzir na gefe. Sufaye sun gama karatu sun koma inuwa. Yaran layi, kamar yadda aka saba, su ne a sahun gaba, kowa riƙe da furen da aka sassaƙa da itace, wanda zai jefa idan wuta ta kama. Fon na cikinsu, ta matsa har tana iya taɓa itacen.

Baba Khamdi, mai ƙona gawa, ya ɗaga murfin, ya fasa ɗanyar kwakwa da adda, ya zuba ruwan a fuskar mamacin. Mutane suka shiga layi don kallon ƙarshe. Da layi ya zo kan Buppha ta sunkuya, sai warin ya dake ta. An ɗora gwangwani ɗaya a ƙirjinsa, an naɗe hannuwansa a kai. Biyu na gefen ƙafafunsa, an lulluɓe su da farin ƙyalle.

"Baba, a cire waɗannan."

"A cire me?"

"Idan wuta ta taɓa su, ba ci za su yi ba, tashi za su yi. Dubi inda yara suke."

Baba Khamdi ya goge addarsa a wando. "Yarinya, na ƙona mutum da rediyonsa, na ƙona wani da kwalbar giyarsa. Har yau da girata."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Inna Thongbai ta matso ta kama ta a gwiwar hannu.

"A gabanki ya faɗa, so yake su raka shi. Ni na sa su da hannuna. Mutumin nan ba mata, ba ɗa, sai waɗannan. Za ki tura shi hannu rabbana?"

"To a janye mutane can bakin hanya."

"A bar shi ya ƙone shi kaɗai kamar kare? Wa zai jefa masa fure?" Inna ta sassauta murya, yadda Buppha kaɗai za ta ji. "Kin san abin da ya shiga akwati ba ya fita. Wanda ya ɗauka, shi mamaci ke bi gida ya nemi kayansa. Ga mijinki yana can Bangkok, ke da yarinya kaɗai. Kuma ɗakinsa na manne da naki."

Buppha ta sani. Tun tana ƙarama ta sani, kuma ba ta taɓa ɗaukar maganar wasa ba. Ta dubi Baba Khamdi, ya riga ya sunkuya yana kwance murfin galan. Ta dubi Fon, tana juya furenta a hannu tana jiran wuta.

Ta haɗa tafukanta a goshi, ta yi magana da ƙarfi yadda na baya ma za su ji.

"Kawu Prayong, ni ce Buppha, maƙwabciyarka. Ni na ɗauka, ba wanda ya aike ni. In za ka zo nema, ni za ka nema. Yarinyar ba ruwanta."

Ta ɗaga hannuwansa. Sun yi nauyi, sun ƙi lanƙwasa, sai da ta zare gwangwanin ta ƙasa. Rana ta gasa ƙarfen har yana cizon fata. Ta haɗa ukun ta rungume, jama'a suka dare mata hanya, kowa na janye gefen zaninsa kada ya taɓa ta.

Tafkin haikali ya ƙafe sai taɓo a tsakiya. Ta kutsa har ƙauri, ta haƙa da hannu, ta danna su ɗaya bayan ɗaya har laka ta rufe. Ba ta ɗago ba sai da ta ji ƙamshin itace ya kama.

Da ta dawo an gama jefa fure. Wutar na ci a hankali, irin cin da wuta ta saba. Ba wanda ya yi mata magana. Inna Thongbai ta turo Fon wajenta daga nesa, ta kau da kai.

Mutane suka kama hanyar gida, ba mai waiwaye, don ba a waiwaye in an baro wurin ƙona, kada mamaci ya biyo mutum gida. Buppha ta saɓa 'yarta a kafaɗa, ta bi bayansu, laka na bushewa a ƙafafunta. Sai da suka kai bakin ƙofar haikali ta gane cewa yadda ta ɗauko ta, fuskar yarinyar baya take kallo.

"Mama, wa Kawu zai bi?"

Buppha ta sa tafin hannunta mai taɓo a ƙeyar yarinyar, ta juyo da fuskar a hankali, ta cusa ta cikin wuyanta, ta ci gaba da tafiya.