Keken Tela Ya Yi Shiru

Tun da gyambo ya fito wa Tela a tafin ƙafar dama, gidan ya sauya wa matarsa. Shekara talatin da ɗoriya tana aikinta da ƙarar keken ɗinkinsa a kunne, don bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da ɗakin girkinta. Daga ƙarar take sanin halin da yake ciki. In keken na gudu ba numfashi, wani ya ɓata masa rai. In yana yi yana tsayawa, hira yake da mai kaya. Yanzu tsit, har gurnanin firji take ji. Tana kewar ƙarar nan fiye da yadda za ta iya gaya wa kowa.

Matakin keken ne ya ci masa ƙafa. Ciwon suga ya riga ya kashe masa tafin, bai ma san ya ji ciwo ba sai da ta ga jini a safarsa. Likita bai ɓoye musu ba: kada ƙafar ta taka komai, in mikin ya kai ƙashi sai yanka.

Shi kuwa Tela, duk abin da ya buɗe baki a duniya, a wurinsa ɗinki yake jira. Kullum in ta zauna wanke masa ciwon sai ya zaro tef daga wuya ya auna faɗinsa, ya yi tsaki.

"Ɗan wannan? Ko aljihun yaro ya fi shi. Su ba ni allura su gani."

"Malam, ƙafa ce, ba wando ba."

Ashe bai haƙura ba. Wata safiya ta kwance bandeji ta tarar ya haɗe bakin mikin da filasta, ya ja ya tamke kamar mai kama yagaggen yadi. Gefen naman har ya fara duhu. Nan take ta kira autarsu, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti.

Auta ta zo ta durƙusa ta ɓare filastar a hankali, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, in an kawo maka tsumman da ya ruɓe, yana riƙe zare?"

"Ina fa. Kina ja yana bin ki."

"To haka naman nan yake yanzu. Ƙwayoyin jikin mutum kullum suna aiki suna fitar da wani datti mai cin su kamar tsatsa. Akwai sinadaran da aikinsu ke nan su kwashe shi kafin ya yi ɓarna. In suga ya yi yawa, dattin ya ninku, masu kwashewar su gaji. Sabon nama na tohowa, ana cinye shi. Da ka matse wurin kuma, ka hana jini zuwa. Daga ƙasa zai ciko, da kansa, in ka bar shi ya huta."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Baba."

Wannan amsar ta fi komai yi masa ciwo. Ya koma zama a kujerar ƙofar shago, ƙafa a kan matashi, yana kallon tsofaffin masu kayansa suna wucewa da leda a hammata, su gaishe shi da sauri su kau da kai. Mikin dai ya ɗan fara ja a tsakiya, Auta ta ce alama ce mai kyau.

Ran nan matar ta dawo daga kasuwa da la'asar, tun daga kwanar layi ta jiyo ƙarar keken ɗinki. Ba ta buƙatar a gaya mata keken wa ne. Tafiyarsa ce ta ranar da yake cikin nishaɗi, doguwa, da ɗan jinkiri a kwana. Ta tsaya a bakin ƙofa da kwando a hannu, idonta ya kawo ruwa. Ta san ya kamata ta shiga tun ɗazu, amma ta bari ya kai ƙarshen layin ɗinkin.

Da ta shiga, ƙafarsa ta fara kallo. Bandejin ya jiƙe ta ƙasa, shi ko labari.

"Hannun riga ɗaya ne, 'yar tsohuwa," ya ce yana murmushin mai laifi. "Kuma a hankali nake takawa."

Ta ajiye kwandon, ta sunkuya ta zare igiyar fatar da ke juya keken, ta naɗe ta a hannu. Ya taka matakin, ƙafar keken ta juya a banza, allura ba ta motsa ba.

"Na ga inuwarki a ƙofa," ya ce a hankali. "Kin daɗe a tsaye. Ke ma kina so."

"Ina so, Malam. Kullum sai na kasa kunne." Ta share ido da gefen mayafi. "Miƙo ƙafar."

Ya miƙo. Ta jawo kujera, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta fara kwance bandejin ba tare da ta san abin da za ta tarar ba.