Hoton da Ke Tagar Shago

Likitar ta shafa wani mai mai sanyi a bayan hannun Auta, ta ɗora kan na'urar a gaɓar yatsanta. Ni duk a zatona sikanin na masu ciki ne kawai, har na buɗe baki zan tsokane ta, sai allon ya kawo. Da fari toka-toka ne. Likitar ta danna wani maɓalli, sai ga ja ya tashi a tsakiyar gaɓar yana ƙyalli kamar garwashin da aka hura.

"Kun ga jan nan?" in ji ta. "Kumburi ne. Can ciki yake, ido ba ya ganinsa, ko an taɓa ma ba lallai a ji ba."

Yatsa na biyu, ja. Na uku, ja. Wuyan hannu, ja. Na laluɓi kujera na zauna.

*

Shekara biyu ke nan da aka ce ƙanwata Auta tana da lupus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Lokacin da ƙuraje suka feso mata a fuska ni na yi jinyarta, wannan kam ko ita za ta shaide ni. To amma da fuska ta washe, sai na ɗauka cuta ta yi sallama. Ni mace ce mai son gani da ido.

Shagon ɗinki gare ni, keke huɗu. Aikin hannu kuwa, jera duwatsun ado da allura, duk layinmu babu kamar Auta. Sai ta tsiro da zama kowace safiya tana murza yatsu.

"Yaya, sun ƙage. Ba ni ɗan lokaci su saki."

"Mu gani." In kama hannun in juya shi, sumul, ba kumburi ba komai. "Wannan hannun luwai-luwai ne ke ciwo? Haba Auta, ji tsoron Allah!"

Da mitar ta ishe ni na kai ta aka ɗauki hoton ƙashi. Aka ce ƙashi lafiya lau. Wallahi har da murnata, ba don lafiyarta ba, don na yi nasara. Na dawo da baƙin hoton na manna shi da salatif a gilashin tagar shago, rana na haska ƙasusuwan hannunta reras. Duk sanda ta ce wash, ko magana ba na yi, tagar kawai nake nuna mata da bakin almakashi. Sauran teloli su kwashe da dariya. Ni na raɗa mata Hannun Auduga, har masu kawo ɗinki suka ɗauka.

Sai ta daina cewa wash. Na ce ato, lalaci ya warke.

Makon jiya allura ta suɓuce mata. Ta durƙusa tana ƙoƙarin tsinto ta, yatsun sun ƙi haɗuwa. Ina kallo, ban tashi ba. Cewa na yi, "In kin gama wasan kwaikwayon, ga riga na jira."

Da ranar ganin likitarta ta zo, na bi ta. Ba tausayi ya kai ni ba. So nake in ƙara ji da kunnena an ce babu komai.

*

Likitar ta goge mata hannu da auduga.

"Tun yaushe kike jin ciwon nan?"

"Ya kusa shekara."

"Shekara! Sau nawa kika zo nan ina tambayarki, kina ce mini lafiya?"

Na sunkuyar da kai ina jira ta tona ni. Da ma ta tona ni, da na fi samun sauƙi.

"Na ɗauka rakina ne," in ji Auta a hankali. "Tunda hoto bai nuna ba."

Likitar ta ce hoton ƙashi ba ya kama irin wannan kumburin. Za ta canza magani, jan zai lafa in Allah ya so. Amma ta nuna yatsu biyu da suka fara karkacewa, ta ce jijiyoyinsu sun saki. Allurar ɗinki kam a ajiye, kuma ba za ta yi alkawarin ranar ɗauka ba.

Kunya ta rufe ni, kamar ƙasa ta tsage in shige. Auta kuwa allon take kallo, har da ɗan murmushi.

"Likita, ana iya buga mini shi a takarda? Mai kalar."

*

Washegari na yi sammako don in ɓalle baƙin hoton kafin kowa ya zo. Ashe ta riga ni. Tana tsaye a bakin tagar, ta dafe 'yar takardar mai ɗigon ja a gefen tsohon hoton, ɗaya hannun yana ta kokawa da salatif.

"Auta, ki yafe…"

"Yaya, ɗan yanko mini. Na kasa."

Na ɗauki almakashin nan dai da nake nuna mata tagar da shi, na yanko mata.