Ƙafafun Inna

Adawiyya tana tankaɗe a Dakoro aka bugo mata waya daga garinsu Rumbu: Inna ta faɗi a bakin ɗaki, ƙugunta ya karye. Ba ta ƙara tashi ba har ta rasu.

Wajen zaman makoki Adawiyya ta tare yayanta Kamilu.

"Yaya, ku kuka kashe mata ƙafafu! Kun ƙwace taɓarya, kun ƙwace tsintsiya, wai girmamawa. Da ma'aikacin lafiya ya zo koya wa tsofaffi motsa jiki, cewa ka yi uwarka ba za ta tsaya da ƙafa ɗaya gaban mutane ba!"

Kamilu ya sunkuyar da kai.

Yanzu kowace safiya Adawiyya takan ɗaga surukarta daga tabarma, ta sa ta dafa bango ta ɗaga ƙafa. Tsohuwar na zagi, ita kuwa tana riƙe da hannunta.