Mashin Ɗin da Suwaiba Ta Zaɓa

Lawali ya shiga shagon mashina a Gusau, matarsa Suwaiba tana biye da shi. Shekara biyu yana kai ta makarantar da take koyarwa a Bungudu bisa tsohon mashin, har ciwon baya ya sa ta fara maganar ajiye aiki.

Mai shago ya shafa wani ja mai sheƙi. "Ga na maza, Malam. Kafin ka ƙifta ido ka kai Tsafe."

"Hau baya ki ji, Suwaiba," in ji Lawali.

Masu zaman benci a ƙofar shagon suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Yau ga sabon salo! Mace ka zaɓa maka mashin?"

Lawali ya juyo a fusace. "Ita ka zama baya ko kai? Ku matanku suna shan jijjiga bisa ƙarfe, ku ce su yi haƙuri!"

Suwaiba ta hau, ta sauko. "Alhaji, wannan ko akuya ba a ɗorawa."

Sai da ta gwada huɗu, sannan ta zauna daram bisa wani baƙi mai doguwar kujera da faffaɗan matakin ƙafa.

"Ai wannan na tsofaffi ne," in ji mai shago.

"Zuba mashi mai," Lawali ya ce. "Litinin tana da aji."