Yankan Naman Wake

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina fawa kafin gwiwa ta zaunar da ni. Filin da muke ɗaure shanu a bayan mayanka yanzu masana'anta ce mai farin fenti, inda ake yin nama da waken suya. Da can ƙauye ke kawo wa gari dabba. Yau motoci masu sanyi ke ɗaukar nama daga gari su kai ƙauye. Autata a nan take aiki, ita ke kula da sashen da ke fitar da tsoka. Ni dai ban taɓa sa abin a baki ba.

Ranar Talata da hantsi ta shigo, gaisuwar ma a tsaye, ta dire faranti a gabana.

"Baba, ci ka gaya mini gaskiya."

"Gaskiyar wake ko ta nama?"

"Don Allah, Baba. Gobe masu zuba jari za su zo ɗanɗanawa. In bai yi musu ba, za su kwashe injinan su kai bakin teku, inda jirgi ke sauke wake. Mu talatin da biyu ne a sashen."

Na ɗauki yanka ɗaya. Ƙamshi ba laifi. Na yi ta tauna, abu kamar igiyar guga. Na fito da shi na ja da yatsa, ya rabu sili-sili, dogaye kamar tsintsiya.

"Wa ke yanka muku?"

"Inji."

"To injin bai yi zaman koyo ba. Miƙo mini sandata."

A ƙofar masana'anta suka sa mini farar riga da hular raga, har gemuna sai da suka ɗaure. Manaja ya tarbe mu, matashi mai tabarau, idonsa duk ya faɗa. Ya ce wata uku ke nan suna gyara: sun ƙara ruwa, sun rage wuta, sun canja mai, taurin yana nan.

Na tsaya gaban injin. Naman yana fitowa da zafinsa, shimfiɗe kamar katako, bel yana jansa zuwa wasu wuƙaƙe masu juyawa, su kuma suna tsaga shi ta tsawonsa.

"Me ya sa kuke bin tsawonsa?"

"Ya fi kyau a leda, Baba," in ji manaja. "Mai saye yana son ya ga zaren."

"Da ido zai tauna? Kun sha wahala kun yi wa wake zare irin na cinyar bijimi, sannan kun bar wa haƙori aikin wuƙa. Tsoka a gicciye ake yanka ta. Ba ni wuƙa."

Suka kalli juna. Masana'antar nama guda, babu wuƙar hannu ko ɗaya. Sai da aka je wurin mai dafa wa ma'aikata abinci aka aro tata ta albasa. Na wasa ta a gindin faranti, na sa aka ciro mini guntu kafin ya kai ga injin, na kwantar da shi, na gitta zaren, ina ɗan karkata hannu. Auta ta soya a ɗakin gwaji.

Manaja ya ci ɗaya, ya ƙara biyu. Ni ma na ci. Ba naman shanu ba ne, kuma ba zan ce shi ne ba don in faranta wa kowa. Amma tsoho mai haƙori shida ya haɗiye shi ba da ruwa ba.

"Juya wuƙaƙen injin zai ci mako biyu," in ji manaja. "Baƙin kuma gobe ne."

"Baki nawa ne?"

"Tara."

"Don baki tara kake neman inji? Auta, tara mini mutum huɗu masu nutsuwa, a sayo wuƙaƙe."

Har la'asar ina kan kujera ina duba hannunsu. Wata mai surutu ta ce, "Baba, ashe kai ma ka shigo fawar wake." Na ce ta kula da babban yatsanta, shi ba da wake aka yi shi ba. Auta ce ta fi kowa taurin hannu, sau uku ina mayar mata da nata.

Washegari ban je ba, gwiwa ta hana. Bayan azahar Auta ta kira ni a waya. Ta ce baƙin sun cinye farantin, sun kuma tambayi abin da aka canja, manaja ya faɗa musu gaskiya. Sashen zai zauna, an ba su mako biyu su juya wuƙaƙen.

"Sun ce ko za ka zo ka tsaya ranar da za a juya."

"Zan zo. Ki ce a ajiye mini kujera mai jingina."