Tambayar da Aka Cire

A ofishin nan ba wanda ke kiran ta da sunan yanka. Mai Faci ake ce mata, kamar mai gyaran taya, ita kuwa sunan yana mata daɗi fiye da yadda take nunawa.

Abin da take wa facin wata manhaja ce da suke rubuta aikinsu da ita. Baƙin allo ne kawai: ka rubuta mata umarni, ta karanta fayil, ta gyara, ta goge in ka ce ta goge. Masu yin ta sukan matse rubutun cikinta kafin su sake ta. Su cire sarari, su cire bayani, duk wani suna mai ma'ana su mayar da shi harafi biyu, komai ya dunƙule a layi guda wanda sai ka gaji da ja ba ka ga ƙarshensa ba. Mai hankali in ya buɗe sai ya rufe. Ita a cikin wannan cakuɗin take tono, ta nemo wurin da ya dame ta, ta sauya shi.

Abin da ya fi damun ta kuwa shi ne yawan tambaya. Manhajar tana da ladabin da ke sa ciwon kai. In karanta wannan? In leƙa wancan? Sau hamsin a yini. Mai Faci ta bi diddigi har ta gano haruffa biyun da ke riƙe da tambayar karatu, ta rubuta faci mai cewa duk inda aka zo nan a ɗauka an amince. Tambayar gogewa ba ta taɓa ta ba, don ita ma ta san inda wasa ya tsaya.

Kawu ne ya koya mata wannan tonon. Ba kawun kowa ba ne a wurin, shi ne dai babba a cikinsu, mai tabarau da igiya a wuya, wanda ya fara aikin nan tun kwamfuta tana da ƙaton ƙeya. Tun farko ya gargaɗe ta.

"'Yata, kada ki rataya faci a jikin harafi. Duk sabuntawa sai an sake raba haruffan nan. Ki nemi kalmomin da ke kewaye da wurin, su ba sa gudu."

Ta ji sarai. Amma ranar tana sauri, ta rataya a harafi, ta ce gobe za ta gyara. Goben ta kai wata bakwai. A tsakanin nan kowa a ofis ya karɓi facin, Kawu ne ma na farko, har yana yi wa baƙi alfahari da ita.

Ranar Litinin manhajar ta sabunta kanta, facin ya sake mannewa kamar yadda ya saba, ya rubuta an yi nasara. Talata da hantsi Kawu ya ce wa manhajar ta share masa tarkacen gwaji. Ta share, ta haɗa da aikin mako uku na jadawalin motocin wani kamfanin sufuri, wanda bai riga ya tura ma'ajiyar ofis ba.

Manaja ya zo ya tsaya a bayansa, ya duba tarihin aikin.

"Kawu, ai ba ta gogewa sai ta tambaya. Ga shi nan a rubuce, an amince."

Kawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa.

"To na danna ke nan," in ji shi. "Ban dai tuna ba."

Gaban Mai Faci ya faɗi tun kafin ta san dalili. Ta buɗe dogon layin nan ta nemi haruffanta biyu. Suna nan, amma sun sauya gida. Yanzu tambayar gogewa suke riƙe da ita. Manhajar ba ta tambayi Kawu komai ba, facinta ne ya amsa masa.

Taku shida ne tsakanin teburinta da nasa. Maimakon ta yi su, sai ta gyara facin yadda ya kamata tun farko, aikin da bai ci minti ashirin ba, ta tura wa kowa da sunan ƙaramin gyara. Kwamfutar Kawu da hannunta ta sa mata, lokacin da ya sauka cin abinci. Ta gaya wa kanta ranta ne bai kwanta ba tukuna, in hankali ya dawo za ta faɗa.

Laraba ta ja kujera kusa da shi ta taya shi sake rubuta aikin. Ta yi ƙoƙari kamar ta cire ranta, shi kuma yana ta sa mata albarka, kowace albarka tana ƙona ta. Kunya take ji. A nan ta lura da 'yan takardu da ya manna a gefen allonsa: ka tura aiki, ka karanta kafin ka danna, makulli yana aljihun dama. Sau uku ta ga ya laluba aljihun.

Ranar Alhamis ta same shi a ɗan kicin ɗin ofis, ya tsaya gaban butar lantarki da ta daɗe da tafasa, kofi a hannu ba komai a ciki.

"Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau." Ya rage murya. "Mahaifiyata haka ta fara. Ta kashe murhu ta rantse ba ta kashe ba. Kafin shekara uku ba ta gane ni. Na gaya wa matata shekaranjiya, tun sannan take kuka, ta nemo mini likitan ƙwaƙwalwa. Na kuma rubuta wa manaja takarda ya cire ni daga manyan ayyuka. Kada in jawo muku asara. Ke za ki iya riƙewa."

Takardar tana leƙowa daga aljihun rigarsa, a ninke huɗu.

"Ba ka danna ba, Kawu."

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Ba ta tambaye ka ba. Facina ne. A harafi na rataya shi, aka sabunta, harafin ya koma kan gogewa. Ni ce."

Ya ajiye kofin a hankali, ya dafa bango.

"Ke nan babu tambaya?"

"Babu."

"Ko ɗaya? Ba wai ta fito na manta ba?"

"Ba ta fito ba."

Ya saki wani dogon numfashi, idonsa ya cicciko. Ya zaro waya ya kira gida. Mai Faci tana tsaye, tana jin muryar matar ƙasa-ƙasa.

"Share hawayenki, kaina ƙalau yake. A'a, ba ni ba ne. Na'ura ce ta yi kuskure." Ya saurara. "Na'ura dai. Ki ci abinci."

Bai dube ta ba da yake faɗin haka, kuma da ya ambaci sunanta da ya fi mata sauƙi. Ya kashe wayar ya sa a aljihu.

"Yau kika gano?"

Ƙaryar tana nan a bakinta, kalma ɗaya ce, kuma ta san zai karɓa.

"Talata."

"Da yamma?"

"Kafin ka sauka cin abinci."

Kawu ya jinjina kai. Ya ɗauki kofinsa ya zuba ruwan zafi, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya tsaya, bai juyo ba.

"Kuskuren harafi ba wanda bai taɓa yi ba, 'yata. Da Talatar kika faɗa mini, dariya zan yi."